Auren Ƙonni, Takardar Filifin

Shafi na 17

Daga bakin Alhaji Idi Na-Boda, Illela

Ni na fara gani. Ku rubuta ku aje, don gobe wani zai taso ya ce shi ya lura. Babu wanda ya lura. Matata Hajiya Zuwaira da muke gida ɗaya ba ta lura ba. Limamin unguwa bai lura ba. Masu zaman bakin tasha, waɗanda ke sanin mace na da ciki tun mijinta bai sani ba, su ma ya wuce su. Ni na gani, kuma cikin kwanon shinkafa na gan shi.

Masu cika mani waya da "Baba a ci gaba", "Baba ina shafin yau", ku sassauta. Ban taɓa zama aji ba, baki nake sa ma waya tana rubutawa, kuma wanga shafi sai da ya tsaya mani a wuya kafin ya fito. Ni ne ƙishirwa ta kwantar bayan Agadas na tashi da ƙafata. Kwalara ta shiga gidanmu ta share ɗakuna ta bar ni zaune. Motar albasa ta kife da ni anka fara neman likkafani na yi atishawa. Duk wannan idona bai jiƙe ba. Sai ga yaron da na goya.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Sufyanu ɗan ƙanena ne marigayi, ni na riƙe shi tun yana tsoron akuya. Ya tafi Jidda tuƙin mota, ya dawo da maganar wata 'yar Filifin mai ɗinki, Norjannah, mu Jannat muke ce mata. Musulma ce tun kaka da kakanni. Ubanta ya rasu, sai wanta ya kira ni ta waya mai hoto ya ce ya ba ni waliccinta. Uwarta na gefensa, 'yar tsohuwa ƙarama awa tsuntsuwa, tana ta magana da yarensu. Kalma ɗaya na tsinta: amana. Wagga ba ta bukatar tafinta.

Shi ya sa ranar ɗaurin aure ban zauna cikin dangin ango ba. Wajen uban amarya na zauna. Da bakina na ce "na ba shi".

Kuma a Ƙonni anka ɗaura, ku riƙe wannan. Duk auren gidanmu Malam Maharazu na Ƙonni ke ɗaurawa, kamar yadda ubansa ya ɗaura na ubanmu. Wajenmu Ƙonni unguwa ce, ko da tana cikin Nijar. Ka sayi ƙosai Illela ka ci shi Ƙonni bai huce ba. Munka cika motoci bayan Juma'a, anka shafa fatiha, anka raba goro da dabino, munka dawo kafin la'asar. Amarya na gida ana mata lalle, kamar kowace amarya. Cikinmu babu wanda ya ji a jikinsa ya fita Najeriya.

Su kuwa mutanen Filifin suna da tsarinsu. Nasu in ya yi aure ƙasar waje, sai an kai rahoton auren ofishin jakadansu, a aika gida a shigar littafin gwamnati. Sufyanu ya tafi Abuja a kan haka bayan biki. Ni na raka shi tasha. Ya dawo da tsarabar tuffa ya ce an gama, munka ce madalla.

Yanzu kwanon.

Tun da Jannat ta tare, kowace Juma'a sai ta dafa mani shinkafarsu mai gangamau da kifi da ruwan kwakwa. Da kanta take kawowa. Ta durƙusa bakin zaure, ta buɗe murfi don in ji ƙamshi, ta ce "Baba, kwana lafiya" da Sakkwatancinta mai ɗanɗanon gishirin teku. Da ta haifi Raliya, yarinya ta yi wayo, sai ta koya mata gaisuwar ƙasarsu: yarinya ta kama hannuna ta ɗora a goshinta. Na gaisa da sarakuna, na gaisa da manyan kwastan na ƙasa biyu, babu gaisuwar da ta taɓa shiga raina awa wagga.

Bara bayan damina sai kwano ya canza. Shinkafa na nan, kifi na nan. Amma ta daina buɗe murfin. Ta aje, ta gaishe ni ido na ƙasa, ta ja yarinya su tafi. Ni da na yi shekaru ina karanta fuskar jami'i tun daga nesa in san na yau mai karɓa ne ko mai kamawa, murfin kwano zai ɓoye mani magana? Na ce ma Hajiya akwai abin da ke cin yarinyar nan. Ta ce tsufa ne ke cina.

Sai ranar Lahadi, ranar kasuwa, gari ya watse can. Ina zaure da hantsi ina gyaran carbi na ji sallama. Jannat ce, ba ranar kwano ba, ba kuma kwano a hannunta. Raliya na riƙe da gefen hijabinta. Ba ta tsaya bakin ƙofa inda ta saba ba, ta shigo har gaban buzuna ta zube.

"Baba, mi na yi maka?"

Na ce ta tashi, wace irin magana ce wannan.

Ba ta tashi ba. Ta ce uwarta na asibiti can Mindanao, yankinsu a Filifin, numfashi ya ƙi, likitoci sun ce a kira na nesa. Tsohuwar ba ta roƙon komai sai ta ɗora hannu bisa kan jikarta sau ɗaya. Ita Jannat fasfonta na nan, amma Raliya ba ta da na Filifin, kuma hanyar samunsa ta bi ta kan takardar auren. Ta ce ta yi haƙuri shekara guda, ta yi shiru kamar yadda anka koya mata, amma yau kunya ta ƙare mata.

"Ka yafe mani ka je ka yi shaidar, Baba. Ko ba don ni ba."

Na ce wace shaida?

Ta ɗago ta dube ni, irin duban da ake ma mutumin da ya taka ka kuma yana tambayar mi ke ciwo.

Ga abin da ta kwance mani. Bara ta sa ƙanwarta ta je ofishin rajista can gida ta karɓo mata kwafin takardar aure. Anka duba sama da ƙasa, anka ce babu. A littafin ƙasarsu Norjannah ba ta taɓa aure ba. Mace da miji da ɗiya, amma can budurwa ce. Ta tsare Sufyanu, sai ya ce gaskiya ne ba a gama ba. Wai mutanen ofishin sun ce aure a Nijar anka ɗaura shi, don haka takardar Nijar suke so, kuma ba ta fitowa sai waliyyi ya je ya tsaya. Wai ya zo ya roƙe ni har da kuka. Wai ni na rantse, na ce muddin ina numfashi ba a rubuta jinin gidanmu cikin littafin wata ƙasa.

Ni.

Ya kuma ja mata kunne. Ya ce a Hausa suruka ba ta tunkarar suruki da magana, in ta kuskura ta tada zancen gabana to ta zubar da mutuncinta da nasa, gari zai ce 'yar Filifin ba ta da tarbiyya.

Ku ji fa. Mu munka koya mata kunya, munka yi ta alfahari da ita a gidajen suna, muna cewa ta fi 'yan gida iya durƙuso. Shi kuma ya ɗauki kunyar ya yi igiya da ita. Shekara guda yarinya na dafa mani abinci, tana ganina a matsayin wanda ya raba uwarta da jikarta, kuma ba ta taɓa rage mani kifi ba.

Na ce, "Ɗiyata, dube ni."

Ta duba.

"Yau na fara jin wagga magana. In na taɓa jinta kafin yau, Allah Ya hana ni cikawa da imani."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna daɓas awa buhun da anka zare ma ɗinki. Raliya ta ga uwarta ta zauna, ita ma ta zo ta kama hannuna ta ɗora a goshi, don a tunaninta gaisuwar ce anka manta.

Hajiya Zuwaira dama tana bayan labule, kunnenta ya fi na zomo. Ta fito tana salati, ta kama Jannat. Ta juyo kaina ta ce ni da nake cika baki na gani tun bara, mi ya hana ni tambaya? Na ce ta taɓa ganin suruki ya tsare matar ɗansa yana tambayarta mi ke damunta? Kunyar da ta rufe mata baki ita ta rufe nawa, yaron ya san da haka, da shi ya yi lissafi. Hajiya ta ce to ai ga inda kunya ta kai mu. Na ce ta kai ɗiyata ciki ta ba ta ruwa, ta bar ni da waya.

Na kira Sufyanu. Yana kasuwa, rumfar albasar da na damƙa mashi da hannuna. Ya ce Baba ana tsakar lodi, motar Gana na jira. Na ce ko motar Makka ce ta jira.

Ya zo da ƙurar albasa a riga. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ni gaisuwa mai kyau. Sufyanu bai taɓa kasa gaisuwa ba, wannan ku ba shi. Sai idonsa ya faɗa kan takalmin matarsa a bakin ƙofar cikin gida.

Na ce ya ba ni labarin Abuja.

Ya ce wace Abuja.

Na ce wadda ya kawo mani tuffa.

Ya fara zagaye. Wai ai ofisoshin nan sai a hankali. Wai ya je, sun karɓe shi da mutunci, sun ba shi kujera, sun tambayi inda anka ɗaura aure, ya ce Ƙonni, sunka buɗe taswira sunka nuna mashi Ƙonni ba Najeriya take ba. Sunka ce ya koma ya samo takardar hukumar can da hatiminta, ya haɗo da sauran, ya dawo. Ya ɗan ɗago kai ya ce, "Kuma Baba, kai ka ce a kai auren Ƙonni."

Na ce, "Ni na ce. Ƙonni ta tashi daga inda take?"

Na ƙara jefa mashi wata.

"Jiya ina ka canzo sefa?"

"Ƙonni."

"Ina kake aski?"

Gari ya san wanzaminsa na can. Mutumin da ke tsallaka boda don a gyara mashi gemu, shi ne shekaru sunka shuɗe bai sami sukunin tsallakawa don matarsa ba.

Na ɗaga murya na ce Hajiya ta fito da ɗiyata. Jannat ta fito ta tsaya jikin bango. Na ce mashi ga ta ga ni, ya maimaita rantsuwar da na yi, don tsufa ya sa na manta da ita.

Ya dubi ƙasa. Ya ɗauki ɓawon albasa daga rigarsa yana murzawa.

Na ce, "Yaushe ka zo ka roƙe ni da kuka? Da safe ne ko da marece? In sani, ko ina barci ne."

Hajiya ta ce Alhaji a rage murya, maƙwabta. Na ce maƙwabta na kasuwa, kuma ko suna nan su zo su ji, ba ni na yi abin kunya ba.

Can ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce lokacin da yake Jidda akwai wani direba abokinsa da ya auri baƙuwa, ya yi mata duk takardun da ta nema. Ranar da fasfon yaran ya fito ta ce za ta kai su ganin gida. Har yau sai a waya yake ganinsu, sun manta yarensa. Ya ce tun yana zaune ofishin nan na Abuja yake tuna mutumin. Ya fito ya tsaya bakin titi, ya sayi tuffa, ya hau mota.

"Baba, takardar nan ƙofa ce. Ran da Raliya ta sami fasfonsu ta zama tasu. Jirgi ɗaya ne tsakanina da rasa su."

Na ce tsoro ba laifi ba ne, ni ma na san shi, mun kwana rami ɗaya da shi. Da ya zo mani da tsoronsa da mun zauna mun yi mashi magani. Abu ɗaya nake so ya faɗa mani. Ga liman, ga hukuma, ga boda da ake rufewa a buɗe, ga ƙarya iri-iri zube a ƙasa kyauta. Mi ya sa sunana ya ɗauka?

Ya ɗago ya dube ni.

"Don kai kaɗai ne ba ta iya tambaya."

Jama'a, an taɓa sa mani bakin bindiga a nan, ƙarƙashin haƙarƙari, a dajin da ko tsuntsu babu. Bai yi sanyin wagga magana ba. Yaron bai zaɓe ni don ya raina ni ba. Ya zaɓe ni don ya san girman da take ba ni. Ya auna girmana awa buhu, ya ga ya isa ya toshe ƙofa, ya jawo ya toshe.

Jannat ce ta yi magana, kuma ba da ni take ba.

"Baban Raliya, fasfona na cikin akwatina tun ran da na zo. Ka taɓa ɓoye shi?"

Ya girgiza kai.

"Na bar teku na zo garin da ake sayen ruwa a jarka. Bazarar farko fatata ta sale, na kwana ina zuba ma katifa ruwa. In mai gudu ce ni, lokacin zan gudu, ba ni da goyo, ba ni da nauyi."

Ta ce ita ba ta taɓa tunanin raba shi da ɗiyarsa ba, shi ne ya raba ta da uwarta, ya raba ta da uban da anka ba ta a nan, ya bar ta tsakiyar gari ba ta da kowa sai shi. Ta ce ko haka yake so tun farko? Ta juya ta shige ciki, Hajiya ta bi ta.

Na ce mashi ya saurara da kyau. Jannat ba ta komawa gidansa yau. Ta yi yaji, kuma mace in ta yi yaji gidan ubanta take zuwa, to ta iso.

Ya ce, "Baba, ni ne ɗanka."

Na ce, "Ranar Ƙonni wane gefe na zauna?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ɗa kake, ba a canza jini. Amma kai gado na same ka. Ita amana anka ba ni, kuma amana ake tambaya a kabari kafin gado. In kana son matarka ka zo biko kamar kowane miji. Ba na son goro, ba na son turmin atamfa. Takardar Ƙonni za ka riƙo."

Na ce gobe da sassafe zan shiga wajen Malam Maharazu, in ya ga dama ya biyo ni, in bai ga dama ba ƙafata ta san hanya.

Ya ce, "To, Baba."

Haka kawai. Babu gardama, babu roƙo. Raliya ta fito da gudu ta faɗa jikinsa, ya ɗauke ta ya daɗe yana kallon fuskarta, ya sauke, ya sa takalmi ya fita. Hajiya ta ce alhamdu lillahi yaro ya ji magana. Ni dai "to" ɗin nan bai kwanta mani ba. Na san "to" iri-iri. Akwai na wanda ya sallama, akwai na wanda ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. Na ce ma Hajiya ta sa ido. Ta ce na cika zargi.

Da safe bai zo ba. Na hau babur ɗan haya na tsallaka ni kaɗai, don Jannat baƙuwa ce, ba ta ratsa boda da "sannu da aiki" irin tamu. Ku duba abin mamaki, ƙasar da anka ɗaura aurenta ko ƙafarta ba ta taɓa takawa ba.

Malam Maharazu na zaure yana ba manya karatu. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma kai garau. Na faɗa mashi komai. Ya riƙe gemu ya yi ta istigfari. Ya ce ya tuna auren sarai, don shi ne na farko da ya ɗaura wanda sai da ya maimaita sunan uban amarya har jama'a sunka yi dariya. Ya ce ko gaban wa zai tsaya ya yi shaida. Ya ɗauki sandarsa munka tafi ofishin magajin gari tare.

Ma'aikacin da munka samu ya saurare mu har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce mutanen Illela kenan, ku ɗaura aure ƙasar mutane ku koma gida cin tuwo. Ya ce abu ne mai yiwuwa, tunda an makara sai an bi ta gaban alƙali da shaidu. Waliyyi ga shi, malami ga shi. Saura masu auren. Ita a nemo mata izinin shigowa, wannan ba wuya. Amma dole miji ya zo da ƙafarsa ya ce matarsa ce.

Na ce zai zo ko a buhu ne.

Na sayo ma Raliya alewar Ƙonni mai madara. Na sayo ma ɗiyata kifi busasshe, na ce Juma'ar nan sai an buɗe mani murfi. Ina bisa babur ina ta tsara yadda zan ba su labari.

Azahar na iso. Tun daga bakin lungu na hango Hajiya tsaye ƙofar gida ba mayafin kirki, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na aure ta.

Ta ce Jannat ta je gidansu da hantsi ɗauko fasfo da kayan sawa, ta bar yarinya wajenta. Ba a jima ba Sufyanu ya shigo, ya gaishe ta da ladabi, ya ce zai kai Raliya shan fura bakin kasuwa ya dawo da ita.

Na ce, "Kika ba shi?"

Ta ce, "Alhaji, wa ke hana uba ɗiyarsa?"

Wayarsa a kashe. Rumfa a rufe. Ɗakinsa babu jakar tafiya. Wani mai faci ya ce ya gan shi bisa babur da yarinya a gaba, ya ɗaure ta da rawani a ƙirjinsa, ya ɗauki hanyar ƙauyen Araba, can bakin boda. Ba titi ya bi ba. Ya saki titi daidai tsohuwar rijiya ya yanki gonaki ya yi arewa.

Na san hanyar. Ni na buɗe ta da jakuna shekarar da anka fara rufe boda, tun uwarsa ba ta san za ta haife shi ba.

Na shiga zaure. Jannat na zaune inda ta zauna jiya, fasfonta bisa cinya, idonta a bushe. Na aje alewar gefen buzu. Sai wayarta ta ɗauki ƙara, irin ta kiran hoto. Ta duba ta miƙo mani fuskar wayar in gani. Ƙanwarta ce, daga asibiti. Sun saba kira daidai wannan lokaci don tsohuwa ta ga jikarta kafin barci ya ɗauke ta.

"Baba, mi zan ce mata?"

Na ce ta danna ta ba ni.

Ga tsohuwar nan bisa gado, roba a hanci, ta ƙara ƙanƙancewa. Idonta na ta yawo bayan kafaɗata tana neman yarinya. Ba ta gan ta ba, sai ta tsaida ido kaina. Ta gane ni. Leɓenta ya motsa, ba sauti, amma na karanta. Kalmar nan ce dai ta ranar farko.

Na dafa ƙirji na ce ma Jannat ta fassara, kada ta rage ko harafi. Ki ce mata Idi ne ke magana. Ki ce ta riƙe numfashinta da kyau, kada ta yi gaggawa. Hannunta zai taɓa kan yarinyar nan.

Na miƙa waya, na ce Hajiya ta ɗauko mani takalmin daji da goran ruwa.

Na san wasunku za su rubuta wai tsoho cika baki ne, wai zamani ya wuce ni, wai yaro mai babur da jini a jika ba ya kamuwa ga mai sanda. To ku ji. Daga Araba zuwa cikin Nijar babu rijiya, babu ruga, babu bukkar mai shayi da ban sha ruwanta ba. Duk hanyar da Sufyanu ya sani ni na nuna mashi, kuma ban nuna mashi duka ba. Mai shakka kada ya tsaya a waya. Ya zo Illela, ya tambayi zauren Idi Na-Boda, kowane ɗan babur zai kawo shi. Ya zauna bisa buzuna, Hajiya za ta ba shi ruwa, ya jira ya ga wanda zai shigo ƙofar nan da yarinya a kafaɗa da ubanta a gaba.

In na shigo hannu wofi, ya cire mani hula gaban jama'a.